Tsani, Dandamali da Ɗamara: Mas'alar Horon Masu Aiki a Bisa

A bayan gidan da nake zaune akwai wani fili wanda shekara da shekaru yara ke buga ƙwallo a cikinsa, har bara mai shi ya tashi gina bene. Tun daga ran nan kuwa, in na idar da sallar Asuba na zauna bakin taga da littafi, sai in iske idona ya bar karatu ya koma kan ma'aikata. Na ga leburori suna hawa gangaren katako da kwanon sarki cike da kankare a ka, ƙafa ba takalmi, ko kuwa da silifas wanda ya sha siminti har ya yi santsi. Na ga birkila tsaye bisa falanki guda da aka gitta a kan duro biyu, taku ɗaya tsakaninsa da bakin dekin. Na ga kafinta ranar ɗora rufi yana tafiya bisa katakon da faɗinsa bai kai tafin ƙafarsa ba, guduma a hannu, ƙusoshi a baki, yana ba yaronsa umarni ta hanci. Babu wanda ya faɗo a wannan gini, alhamdu lillahi. Amma da na tambayi kafintan wa ya koya masa yadda zai kare kansa a can sama, sai ya yi dariya, ya ce, "Malam, ai hawa ba a koyar da shi, in ranarka ba ta zo ba, ba ta zo ba." Maganar nan tasa ita ce sababin wannan sharhi, domin akwai kuskure biyu a cikinta, ɗaya na sana'a, ɗaya na aƙida, kuma mutanenmu da yawa, masu yin gini da masu sa a yi musu, sun yi tarayya da shi a cikinsu.

Mu fara da kuskuren sana'a, mu kuma fara shi da lissafi, tun da yake lissafi ba ya karɓar gardama. Allah Maɗaukakin Sarki Ya sanya wa ƙasa ƙarfin da take jawo kowane abu zuwa gare ta, ƙarfin nan kuwa bai san gwani ba, bai san ɗan koyo ba. Mutumin da ƙafarsa ta zame, kafin rabin daƙiƙa ta wuce ya riga ya yi ƙasa da fiye da mita guda, watau ya wuce duk abin da hannunsa zai cafka tun hankalinsa bai gama sanar da shi abin da ya auku ba. Cikin daƙiƙa guda ya sauko kusan mita 5. In kuwa daga mita 10 ya taho, misalin tsawon bene mai hawa uku, zai iske ƙasa da gudun kilomita 50 a sa'a, tamkar wanda mota ta kwasa a titi. Gwaninta tana rage yawan zamewa, ba ni musun wannan. Amma mai hawa kullum har shekara 20 yana bukatar ya dace sau dubbai, alhali kuskure ɗaya tak ya ishe shi, kuma ba lalle ne laifin ya zama nasa ba, domin katako na karyewa, iska na kaɗa fallen kwano, jiri na ɗibar mutum. Hawa kam kowane yaron da ya taɓa satar mangwaro ya iya shi. Abin da horo ke koyarwa shi ne yadda za a shirya wuri da kaya, domin ranar da ƙafa ta zame a sami abin da zai tare mai ita.

Akwai kuma ruɗin cewa hatsari sai a dogon bene. Turawan Ingila sun daɗe dokarsu tana ƙarfafa tsaro daga mita 2 zuwa sama, har suka ga raunuka masu tsanani da yawa daga ƙasa da haka suke fitowa. Saboda haka da suka zartar da dokar aiki a bisa ta 2005 sai suka soke iyakar, suka ce duk inda mutum zai iya faɗowa ya ji rauni ya shiga hukuncin, ko da bakin rami ne wanda yake daidai da ƙasa. Bisa wannan ma'ana mai yasar rijiya da yaron mota mai ɗaure tamfol bisa lodi duk masu aiki a bisa ne. A Amurka, hukumar kula da tsaron ma'aikata ta OSHA, wadda wata doka ta 1970 ta haifa, ta wajabta kariya daga ƙafa 6 a wuraren gini, ƙafa 4 a galibin sauran masana'antu. Duk da haka faɗowa ce ke ɗaukar kimanin sulusin ma'aikatan ginin da ke mutuwa a bakin aiki a ƙasar kowace shekara.

Kuskure na biyu ya fi wuyar taɓawa, domin ya ɓuya ne a bayan magana ta gaskiya. Babu Musulmin da ke shakkar cewa ajali rubutacce ne. Amma malamai tun na farko sun rarrabe tsakanin tawakkali, wanda shi ne dogaro ga Allah tare da riƙon sababi, da sakacin da ake sa wa rigar tawakkali. Kowane almajiri ya san hadisin mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya haɗa biyun. An kuma san labarin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, wanda ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham sa'ad da ya ji annoba ta sauka can, bai kuwa ɗauki juyawar gudun ƙaddara ba. Abin da ya fi waɗannan kusa da mas'alarmu, wanda nake mamakin ƙarancin jinsa a bakin masu wa'azi, shi ne abin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito na hanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ga mutum ya kwana bisa rufin soron da ba a kewaye da kariya ba. A Attaura ma akwai umarni ga mai sabon gida ya yi wa rufinsa katanga, don kada alhakin jinin wanda ya faɗo ya hau kansa. Dubi inda aka rataya hukuncin, ya kai mai karatu: ba a ce wa mai kwana ya yi hattara cikin barcinsa ba, tun da mai barci ba shi da hattara, a kan halin wurin aka rataya shi. Wannan kuwa ita ce ƙa'idar da injiniyoyin zamani suka iso gare ta bayan sun binne mutane masu yawa. Kiyaye rai yana cikin abubuwa biyar da malaman usulu irin su Gazali da Shaɗibi suka ce shari'a ta zo domin tsarewa; ɗan kwangilar da ya tura ɗan wani bisa ruɓaɓɓen katako, sa'an nan ya zo gidan makoki yana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ya aro maganar iyayen mamacin ne ya rufe laifinsa da ita.

Kada a zaci kakanninmu sun jahilci wannan fanni. Maginin da, wanda ya gaji sana'a daga ubansa a ƙarƙashin Sarkin Magina, bisa katangar da yake ginawa yake zama, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje kamar mahayin doki, ana jefo masa tubali daga ƙasa. Katangar mai kauri ce, ana ɗora ta kaɗan kaɗan ana barin ta bushe, kuma da rani ake aikin, lokacin da babu ruwan da zai sa santsi. Soro ana yi masa rawani a baki. Hasumiyar babban masallacin Agadas, wadda ta kai wajen mita 27, aka kuma sake gina ta a 1844, itatuwan nan da suka yi tsiri-tsiri a jikinta matakan masu yaɓe ne, watau maginin ya yi tunanin wanda zai zo gyara bayansa tun yana aza tubalin farko. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya ɗaga bakan gizon masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da irin wannan ilmi na gado ya yi aiki. To, ilmin ya dace da laka da azara da gini mai hawa ɗaya ko biyu. Yanzu bulo ne mai faɗin inci 6 ko 9 wanda ba ya zaunuwa, da kwano mai santsi, da rodi tsaitsaye a ƙasa kamar masu, da wayar lantarki a gefe, da ƙarfen sabis, da tankin ruwa, da allunan sola; mai hawan kuwa sau da yawa da safen nan aka ɗauko shi a bakin titi. Tsohuwar makarantar ta watse, ba a kuwa kafa sabuwa a gurbinta ba.

Turawan ma da gawarwaki suka sayi nasu ilmin. Akwai wani hoto na 1932 da ya zaga duniya, na maza 11 zaune bisa ƙarfe guda a birnin New York, kimanin mita 260 daga ƙasa, suna cin abincin rana babu igiya babu raga. Mutane na rataya shi a bango don sha'awar jarunta, ni kuwa in na gan shi matansu nake tunawa. A wancan zamani an ɗauka cewa kowace dala miliyan guda ta aikin babbar gada tana tafiya da rai guda. Injiniya Joseph Strauss, wanda ya jagoranci ginin gadar Golden Gate a San Francisco tsakanin 1933 da 1937, bai yarda da wannan lissafi ba: ya tilasta hular kwano, ya kuma kashe dala 130,000 ya shimfiɗa raga a ƙarƙashin gadar, ragar kuwa ta tare mutum 19 waɗanda da sun tafi. Amma a watan Fabrairu na 1937 wani dandamali mai nauyi ya ɓalle ya keta ragar, mutum 10 suka rasu nan take. Haka a Willow Island, jihar West Virginia, a watan Afrilu na 1978, dandamalin da aka maƙala jikin kankaren da aka zuba jiya-jiya, bai gama ƙwari ba, ya rufto da mutum 51, babu wanda ya tsira. Daga irin waɗannan musibu ƙa'idodi suka taru, har Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya kan tsaron masu gini a 1937, ta sabunta ta ta faɗaɗa a 1988.

To, mene ne a cikin horon? Gaba da kome akwai tsarin tunani mai matakai uku, wanda dokar Ingila ta 2005 ta jera, kuma jerin nasa shi ne ruhinsa, kamar yadda ba a yin sujada kafin ruku'u. Da fari a tambaya ko aikin zai yiwu ba tare da an hau ba, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi: mai fenti na iya sa wa burushinsa doguwar sanda, kafinta na iya haɗa katakon rufi a ƙasa a ɗaga shi a haɗe. In hawa ya zama tilas, sai a hana faɗuwar aukuwa, a kuma gabatar da kariyar da ta game kowa bisa wadda ta keɓanta ga mutum ɗaya, watau shinge a bakin dekin, murfi a kan ramin matakala, dandamali mai dogari. Dalili kuwa shi ne shinge yana tsare mai mantuwa da baƙon da ya fara aiki yau, har da yarinyar da ta hau sayar da kunu, ba ya kuma jiran kowa ya tuna da shi. Sai in wannan ma ya faskara a koma ga abin da ke rage tsawon faɗuwa da munin sakamakonta, kamar raga da ɗamara. 'Yan kwangilarmu da yawa sun kifar da jerin: sukan fara da sayen huluna da riguna masu ƙyalli, domin su ne ke fitowa a hoto ranar da manya suka zo duba aiki. Hular kwano tana da amfaninta, tana kare kai daga abin da ya faɗo; amma in ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba, ita ke riga mai ita isa ƙasa.

Tsani, wanda ya fi kowane kaya yawa a hannunmu, shi aka fi rainawa. Ƙa'idarsa ba ta da wuya: a jingina shi yadda kowace mita 4 ta tsawo za ta sami mita guda ta nisa tsakanin gindinsa da bango, kansa ya zarce wurin sauka da mita guda don hannu ya sami abin riƙo, a ɗaure shi a sama ko wani ya riƙe gindinsa, mai hawa kuma ya kasance ko yaushe gaɓoɓinsa uku suna jikinsa, cibiyarsa ba ta fita daga tsakanin sandunan biyu garin miƙa. Hanya ce ta wucewa da ɗan gajeren aiki; hukumar kula da tsaron ma'aikata ta Ingila tana ba da shawarar in aiki zai ɗauki fiye da rabin sa'a a wuri guda a nemi wani abu. Tsanin da kafinta ke bugawa a wurin gini, wanda ƙusa biyu ne kaɗai ke riƙe da kowane mataki, ya kamata a sassaƙa wa matakan gurbi a jikin sandunan, domin katako ya ɗauki nauyi, ƙusa ta riƙe kawai. Shi kuwa dandamali, ko na ƙarfe ne ko na katako, daga ƙafarsa ake gane shi: in ka ga an ɗosana ta bisa fasasshen bulo, ba sai ka duba sama ba. Ana so ya zauna bisa falanki a ƙasa mai ƙarfi, a ɗaure shi jikin ginin, a cika shimfiɗarsa ba giɓi, a yi masa dogari mai tsawon kusan mita guda da wani a tsakiya da katako a gindi mai tare guduma kada ta gangaro kan na ƙasa. Wanda ya san aikin ya duba shi kafin a fara hawa, da kowane kwana 7, da bayan kowace guguwa. Kada kuma a mai da shi rumbun bulo.

Sauran abubuwan zan ratsa su da sauri, ba don ƙanƙantarsu ba. Tsohon rufin asbesto da kwanon da ya yi tsatsa da silin ba su ɗaukar mutum, ko da ido ya ga kamar za su ɗauka, sai an gitta katako an bi ta kansa. Wayar babban layi wutarta kan tsallako ta kama rodi ko tsanin ƙarfe tun bai taɓa ta ba. Iskar farkon damina takan mai da fallen kwano tamkar filafilin jirgi a hannun mai riƙe da shi. Raɓar safiya da ƙurar hunturu duk santsi ne. Jikin mai hawa ma kaya ne da ake dubawa: mai zazzaɓi, da wanda bai yi barci ba, da wanda ya sha ƙwaya don ƙarin ƙarfi, ba wurinsu ba ne, a watan azumi kuwa hikima ita ce a gama aikin sama da sanyin safiya, a bar na ƙasa ga yamma.

Ɗamara ce nake so in daɗe a kanta, domin ita mutane ke ɗauka laya ce, wadda ratayawa kawai ya isa. Bel ɗin ƙugu irin na masu hawa falwaya yana da kyau wajen riƙe mutum a wurin aikinsa, amma ba a tare faɗuwa da shi, domin duk ƙarfin fizgar a ciki da ƙashin baya yake sauka, mutum kuma na iya zamewa ya fice. Amurka ta hana amfani da shi don tare faɗuwa a wuraren gini tun farkon 1998. Abin da ake bukata ɗamara ce mai kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, mai zobe a tsakiyar baya, da igiya mai wani ƙunshi na ɗinki wanda ke warwarewa sannu sannu in an fizge shi, don ƙarfin da zai isa jiki kada ya wuce misalin nauyin kilo 600, bisa ma'aunin ƙasashen Turai. Sa'an nan wurin maƙala ƙugiyar: Amurkawa sun ƙayyade ya iya ɗaukar fam 5,000, fiye da tan 2, watau abin da za ka rataya wa mota ba ka ji tsoro ba, bututun ruwa da sandar eriya da ƙusar kafinta ba su cikin wannan. Na taɓa ganin wani saurayi bisa rufi sanye da sabuwar ɗamara, ƙugiyarta kuwa a ƙirjinsa ya maƙale ta don kada ta dame shi. Ga kuma lissafin da galibin masu sayen ɗamara ba a taɓa yi musu ba: igiya mita 2, ƙunshin ya warware ya ƙara har mita 1.75, tsawon mutum daga zobe zuwa ƙafa da saki-sakin ɗamara wajen mita 2, a bar ratar mita guda. Jimla kusan mita 7 ke nan na sarari ake bukata a ƙarƙashin maƙalin. Ashe wanda ya ɗaura irin wannan igiya bisa rufin gida mai hawa ɗaya zai bugi ƙasa tun igiyar ba ta gama tare shi ba. A irin wannan wuri gajeriyar igiya ake so, wadda ba za ta bar shi ya kai baki ba sam, kamar akuya a turke. Mai hawa ƙarfen sabis kuma ƙugiya biyu yake bukata, ba ya cire ɗaya sai ya maƙala ɗaya. Rana da siminti da tartsatsin walda suna cin zaren ɗamara, don haka ake duba ta kafin kowane hawa. Wadda ta taɓa tare faɗuwa ta gama aikinta, a yanka ta a yar, kada ta koma kasuwa a gwanjo.

In ɗamara ta tare mutum, ba a gama ba tukuna. Wanda ke reto babu motsi, igiyoyi sun matse cinyoyinsa, jini kan taru a ƙafafunsa ya ƙi komawa zuciya, ya suma, har ya kai ga rasa rai cikin ƙasa da rabin sa'a. Saboda haka kafin a hau wajibi ne a san wa zai sauko da shi, da wane kaya, ta wace hanya, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Haka nan wanda ya riga ya faɗo ƙasa. Shekarun baya wani mai fenti ya faɗo daga tsani a unguwarmu, nisan bai fi mita 3 ba. Kafin ka ce kwabo jama'a sun taru, cikin tausayi da kyakkyawar niyya, wani ya kama hannu wani ya kama ƙafa, aka zaunar da shi, aka kwara masa ruwa, aka lanƙwasa shi cikin a-daidaita-sahu. Ina cikin masu riƙon, ban kuwa san muna ɓarna ba. Ƙashin bayansa ne ya taɓu, har yau a keken guragu yake. Ba zan iya raba abin da tsani ya yi masa da abin da hannuwanmu suka ƙara ba. Amma da akwai mutum ɗaya a cikinmu wanda aka taɓa gaya wa cewa mai faɗowa ba a motsa wuyansa da bayansa, a kan abu mai tauri ake ɗaukarsa a miƙe kamar gungume, da mun yi daban.

Saura maganar wanda nauyin ya rataya a wuyansa. Nijeriya tana da dokar masana'antu ta 1987, wadda masana suka daɗe suna kukan cewa ma'anar masana'anta a cikinta ba ta rufe wuraren gini yadda ya kamata ba. Tana da dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata biyan kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashi ga asusun NSITF, domin a biya wanda ya ji rauni ko magadan wanda ya rasu. Ta kuma amince tun 1994 da yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda a cikinta akwai kariya ga ma'aikacin da ya janye daga aiki don ya ga hatsari mai tsanani a gabansa. A takarda wannan ba laifi. Amma leburan da ake sallama da yamma da kuɗin yini, wanda sunansa ba ya cikin rajistar kowa, bai taɓa jin labarinsu ba. Kuma a al'adarmu ta kunya, yaron da zai dubi ubangidansa ya ce ba zai hau ba sai an ɗaure tsani, an kira shi matsoraci, gobe kuma a ɗauki wani. Shi ya sa nake ganin horon da ya tsaya ga yaro bai taɓa ubangida ba rabin aiki ne, ko ƙasa da rabi. Mai gidan da ake gina wa ma yana da kasonsa: in kafinta biyu suka kawo maka farashi, ka zaɓi mai araha, ka binciki abin da ya cire, sau da yawa kuɗin dandamali ne. Ran ma'aikaci amana ce a hannun wanda ya ɗauke shi ijara, daga safe har ya sallame shi.

Yadda ake ba da horon ma abin dubawa ne. A tara mutane a ɗakin otal yini guda, a nuna musu majigi da Turanci, a raba takardar shaida, wannan ya fi amfanar mai shirya taron. Manyan kamfanonin mai da na sadarwa suna neman shaidar horo daga masu yi musu aiki, hakan ya gyara wani sashe. Amma galibin masu hawa a garuruwanmu ba su taɓa ratsa ƙofar kamfani ba. Su a wurin gini ya kamata a same su, da Hausa, ta hannun ƙungiyoyin kafintoci da birkiloli da masu walda, da makarantun koyon sana'a, da hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971 domin horon ma'aikata. A sa kowa ya ɗaura ɗamara da hannunsa, a rataya shi taku biyu daga ƙasa ya ji yadda take matsa, domin gani ya kori ji. A kuma maimaita, ko da minti biyar ne kowace safiya kafin a hau, musamman ga tsofaffin hannu, waɗanda tsoro ya daɗe da fita daga zukatansu. Sabo turken wawa.

Benen bayan gidana an gama shi, 'yan haya sun tare. Makon jiya aka kawo wani yaro ya ɗora tankin ruwa da allunan sola; tsaninsa bai kai ba, sai ya haɗa biyu ya ɗaure su da wayar lantarki, ya kafa gindin bisa tayil ɗin da aka goge da safe. Na ajiye littafi na sauka, na ce masa ya jira a samo dogo, ya ce ubangidansa ya ba shi zuwa Azahar, akwai wani aiki a gaba. Sai na sa a kawo tsohuwar tabarmar roba aka shimfiɗa a ƙarƙashin tsanin, na taka matakin ƙasa na riƙe sandunan da hannu biyu. "Baba, ka je ka huta, ai na saba," in ji shi daga sama. Ban tafi ba sai da ya sauko, wajen ƙarfe ɗaya da rabi.